Agogo Ba Ya Ganin Ƙwaƙwalwa

A shekarar 2019 kamfanin Fitbit ya fara bai wa masu ɗaura agogonsa makin barci, wanda iyakarsa 100, ya kuma keɓe cikakken bayanin makin ga masu biyan kuɗi. Mutane da dama suka fusata. Irin wannan ƙorafi yakan taso duk lokacin da kamfani ya sauya lissafinsa: mutum ya kwana kamar kullum, ya wayi gari makinsa ya ragu.

Fushin yana da hujja, amma wajibi ne a san abin da agogon yake aunawa. Motsin hannu da bugun zuciya yake bi, sa'an nan ya yi kirdado. A asibiti kuwa, sai an auna lantarkin ƙwaƙwalwa kafin a tantance barci mai nauyi. Saboda haka lissafi ne ya sauya, ba barci ba.

Haɗarin shi ne damuwa. A 2017 masana a Amurka sun bayyana marasa lafiya waɗanda zullumin alƙaluman na'ura ya ƙara dagula musu barci.

Matashi yana bukatar sa'o'i 8 zuwa 10. Idan ya tashi garau, bai yi gyangyaɗi a aji ba, shaidar jikinsa ta fi ta agogo.