Tamowa a sansanonin 'yan gudun hijirar Sudan a gabashin Chadi

Tamowa, wato ramar da rashin abinci mai gina jiki ke jawowa, na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 a sansanonin 'yan gudun hijirar Sudan da ke gabashin Chadi. Matsalar ta ƙaru bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Zuwa ƙarshen 2024 mutane fiye da 700,000 sun tsallaka Chadi, mafi yawansu mata da yara. Sun tarar da wasu kusan 400,000 da ke zaune a can tun rikicin Darfur na 2003, a sansanoni irin su Farchana da Bredjing da Iridimi.

Yadda yaran ke isowa

Yara da yawa da ramarsu suke shigowa. Waɗanda suka gudo daga garin El Geneina a 2023, galibinsu 'yan ƙabilar Masalit, sun shafe makonni ba kasuwa ba asibiti kafin su samu hanyar Adre, garin Chadi da ke bakin iyaka a lardin Wadai. Mazauna Adre ba su wuce 40,000 ba kafin yaƙin, amma 'yan gudun hijira fiye da 200,000 suka kafa bukkoki a gefensa. An buɗe sababbin sansanoni kamar Metche da Arkoum da Alacha domin rage cunkoso, sai dai kwashe mutane bai taɓa cim ma yawan masu shigowa ba.

Wani ayarin ya biyo baya a 2025 ta garin Tine, bayan RSF ta auka wa sansanin Zamzam da ke kusa da El Fasher a watan Afrilu. A Zamzam ɗin ne aka tabbatar da aukuwar yunwa a watan Agusta 2024.

Ganewa da magani

Ma'aikatan lafiya na auna kaurin damtsen yaro mai wata 6 zuwa 59 da wani ɗan tef mai launi uku. Idan awon bai kai santimita 11.5 ba, ko ƙafafu biyu sun kumbura, tamowar ta yi tsanani. Tsakanin 11.5 da 12.5 matsakaiciya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar lamarin a matsayin mai matuƙar tsanani idan kashi 15 cikin 100 na yara sun rame.

Maganin sananne ne, kuma ba shi da tsada sosai. Yaron da ke iya cin abinci ana ba shi kwaɓin gyaɗa da madara da sukari da mai, wanda aka fi sani da Plumpy'Nut. Kowane ƙunshi gram 92 ne, yana ɗauke da kalori 500. Ba ya buƙatar dahuwa ko ruwa, don haka uwa na iya ba shi a bukkarta, ta riƙa kawo yaron awo. Irinsa ne aka yi amfani da shi sosai a Maraɗi lokacin yunwar Nijar ta 2005. Yaron da ya daina ci ko yake da wata cuta kuwa kwantar da shi ake yi, a fara da madarar F-75, domin jikin da ya rame ba ya jure abinci mai nauyi farat ɗaya.

Ruwa da cututtuka

A nan ne gizo ke saƙa. Yaron da aka sallama ya warke yana komawa bukkar da ta sa shi ciwon. Gabashin Chadi ƙasa ce mai ƙarancin ruwa, kuma ƙa'idar agaji ta lita 15 zuwa 20 ga kowane mutum a rana ba ta cika a sansanoni da dama. Idan ruwa ya yi kaɗan, wanke hannu da na kwanuka ake fara bari. Gudawa ta biyo baya, ta zubar da ɗan abin da yaron ya ci. Jikin da ya rame kuma ba ya iya kare kansa daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ko ciwon huhu. Kowace cuta na buɗe wa 'yar'uwarta ƙofa.

A farkon 2024 ciwon hanta nau'in E, wanda gurɓataccen ruwa ke yaɗawa, ya ɓulla a Adre da sansanonin da ke kewaye, inda aka lissafa mutane fiye da 2,000 da ake zaton sun kamu cikin wata huɗu. Cutar ta fi haɗari ga masu juna biyu. A watan Yuli 2025 kuma kwalara ta ɓulla a sansanin Dougui.

Damina na ƙara dagula al'amura. Daga Yuni zuwa Satumba rumbuna sun yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, sauro ya yawaita, ƙoramu kuma na cika su datse hanyar motocin agaji.

Akwai wani abin da ma'aikatan agaji suka daɗe da sani a wurare da yawa: idan gida ba abinci, ƙunshin da aka ba yaro ɗaya 'yan'uwansa ma za su lasa. Da wuya a ga laifin uwar, amma maganin ba zai yi aikinsa ba.

Kuɗin agaji

Ana tsara rabon abinci kan kalori 2,100 ga mutum a rana. Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta sha yin gargaɗi a 2023 da 2024 cewa za ta dakatar da rabo a Chadi saboda rashin kuɗi, kuma tsofaffin sansanoni sun sha ganin an rage musu rabo tun kafin wannan yaƙin. Rage tallafin da Amurka da wasu ƙasashen Turai suka yi a 2025 ya shafi cibiyoyin lafiya da ayyukan ruwa. Ƙungiyoyi irin su MSF, waɗanda galibin kuɗinsu daga ɗaiɗaikun masu ba da gudummawa yake fitowa, na ci gaba da kwantar da yara a Adre da Metche, amma asibiti ba ya maye gurbin rabon hatsi.

'Yan ƙasar ma ba su tsira ba. A watan Fabrairu 2024 gwamnatin Chadi ta ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a faɗin ƙasar, kuma a cibiyoyin kula da tamowa na Wadai ana kwantar da 'ya'yan mutanen gari gado da gado da na baƙin.