Tiyar hatsi ce ke tsara cefanen gida

A kasuwar Dole ta Damagaram, mai shagon atamfa ya san farashin hatsi kamar yadda mai awo ya san shi, domin cinikinsa a can yake rataye. Idan tiya ta hau, magidanci da cimaka yake farawa. Abin da ya rage shi ne na sabulu, da ɗinki, da kuɗin waya, da gyaran babur. Sau da yawa kuma ba abin da ke ragewa.

Shi ya sa kuɗin da gidaje ke kashewa a kudancin Nijar ya fi bin damina da kaka bisa ga ranar albashi. Masu albashi ba su da yawa. Da kaka, manomi ya sayar da wake, ko gujiya, ko aya in a yankin Maraɗi ne, sai a ɗaura aure, a sayi katifa da kwanon rufi, tela da kafinta na birni su samu aiki. Daga Mayu zuwa Agusta kuwa rumbu ya yi ƙasa, hatsin da manomi ya sayar da araha shi yake sayowa da tsada, kuma mai shago a birni yana jin haka a aljihunsa. A wannan lokaci gidaje da dama da kuɗin ƴan ci-rani suke tsayuwa, waɗanda ake aikowa ta Nita ko Amana.

Azumi da babbar Salla ne kawai ba ruwansu da wannan lissafi. Sukari, da rago, da ɗinkin yara, ko da bashi ne sai an yi. Komawa lakwal ma haka.

Sai batun iyaka. Da Najeriya ta cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, man ƴan ruwa-ruwa ya yi tsada, kuɗin kabu-kabu da na dakon kaya suka bi shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya toshe hanyar Kwatano. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe iyakarta da Benin, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso. Tsawon wannan hanya, mai sayen shinkafa da man girki ne ke biyan sa.

Gwamnati ta taɓa farashi ta fannoni da yawa a 2024: litar fetur ta sauko daga sefa 540 zuwa 499, an rage kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati, an rage na siminti. Duk sauƙi ne, sai dai siminti na wanda ya riga ya ƙoshi ne. Matakin da ya fi kusa da tukunya shi ne na watan Oktoban shekarar, da aka hana fitar da hatsi, dawa, masara da shinkafa, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Ɗan birni ya ji daɗinsa, amma shi ma da nasa ƙaiƙayin: idan tiya ta faɗi da yawa, manomin da ya kamata ya zo sayen atamfa da kaka zai shigo kasuwa da kuɗin da ba su kai ba.