Rashin Ji Ba Rashin Hankali Ba Ne

Ɗan'uwa, sanƙarau yakan tafi ya bar yaro kurma. Kada ka ɓoye shi a gida, kada ka miƙa masa ƙoƙon bara. Ka sa shi lakwal.

A aji mai yara da yawa, malami yana magana, kurma yana kallon bakinsa kawai. Shi ya sa ƙaramar makarantar kurame ta fi masa. Yara kaɗan ne, kowa yana ganin fuskar malami da hannunsa. Da maganar hannu ake koya musu karatu da lissafi.

Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, sanƙarau ya kurmantar da shi yana shekara 11. Ya yi karatu, ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, daga baya wasu a Najeriya, Cadi da Kamaru.

Za ka ce akwai kuɗi da nisa. Gaskiya ne. To, dangi da jama'a su haɗa hannu da kaka, kowa ya ba da damin gero. Kai ma ka koyi maganar hannu, don ɗanka ya iya gaya maka inda yake masa ciwo.