Ra'ayinmu: Wanda ya nemi 'yancin magana kada ya toshe bakin wani

Masu iya magana na cewa, in za ka faɗi, faɗi gaskiya, komai taka ja maka ka biya. A Nijar ɗaliban jami'ar Yamai sun biya da jininsu. Ranar 9 ga watan Fabrairu na shekarar 1990, zamanin mulkin Janar Ali Saibou, sun fito jerin gwano don kukan matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi karatu. Jami'an tsaro suka buɗe masu wuta a gadar Kennedy, ɗalibai 3 suka rasu.

Wannan jini bai zuba a banza ba. A cikin shekarar nan gwamnati ta amince da tsarin jam'iyyu da yawa, jaridar Haske mai zaman kanta ta fara fitowa, sannan aka zauna Taron Ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, inda ƙungiyar ɗalibai ta USN ta samu kujera. Duk mai riƙe da alƙalami ko makirfo a ƙasar nan yana cin albarkacin waɗannan yara.

Sai dai mahukunta ba su ɗauki darasi ba. Ranar 10 ga Afrilu 2017, a wata zanga-zangar neman gyaran yanayin karatu, ɗalibi Malah Bagalé ya rasa ransa, aka kuma rufe harabar jami'ar Abdou Moumouni. Wato shekaru 27 bayan gadar Kennedy, amsar da ake bai wa ɗalibi ba ta sake ba: barkonon tsohuwa, kulki da kwaɗo a ƙofa. Mun yi tir da wannan, ko wace ce gwamnatin da ke kan gado.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata, don haka dole mu juyo kan ɗaliban su ma. A watan Fabrairu 2018 ƙungiyar malaman jami'a ta SNECS ta shiga yajin aiki bisa zargin cewa 'yan CASO, kwamitin ɗalibai mai kula da oda, sun ci zarafin wani malami. Karatu ya tsaya makonni, aka kori ɗalibai 5 daga jami'ar, rikici ya sake ɓarkewa. Wa ya ci riba? Ba malami ba, ba ɗan talakan da iyayensa suka sayar da hatsi suka turo shi Yamai ba.

A nan ne gizo ke saƙar. Ƙungiyar da ta nemi gwamnati ta saurare ta, wajibi ne ita ma ta saurari ɗanta da ya ce bai yarda da yajin aiki ba. In ɗalibi zai miƙe a babban taro ya faɗi ra'ayinsa a yi masa ihu a kira shi ɗan amshin shata, ko malami ya ji tsoron abin da zai koyar, to an kori dodo ɗaya an shigo da wani. Haka kuma 'yan siyasa sun daɗe da gane amfanin jami'a: in suna adawa ɗalibai jarumai ne, in sun hau mulki ɗalibai 'yan tada zaune tsaye ne. Shugaban ɗalibai da ya bari aka yi hayar bakinsa ya ci amanar waɗanda suka faɗi a gada.

Maganar ta ƙara nauyi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rusa jam'iyyun siyasa a watan Maris 2025. In wuraren muhawara suka ragu, darajar jami'a ƙaruwa take, domin can ne ake koyon musu da hujja ba da sanda ba.

Don haka muna kira ga mahukunta su bar ɗalibai su yi taronsu su faɗi kukansu ba tare da barazana ba. Muna kira ga shugabannin USN su kare bakin mai adawa da su kamar yadda suke kare nasu, su kuma bar aikin hukunci ga hukumar jami'a da kotu. Iyaye kuwa su riƙa tambayar 'ya'yansu wa suke wa magana, kansu ko wani mai mota a gari.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya sa mu dace, amin.