Kuɗinka Halal, Ƙafarka Haram: Wulaƙancin Biza Ga Ɗalibanmu

Duk wanda ke zaune a Samaru ya san wannan lokacin. Da zarar ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun kai zangon fita horon sanin makamar aiki, wanda suke kira ai-ti, sai ka ga shagunan intanet sun cika maƙil. Wani yana neman kamfani a Kaduna, wani a Legas, wani kuma ya ɗaga kai sama yana hangen Amurka ko Jamus. 'Yan'uwa matasa, da wannan na ƙarshen muke magana yau, kafin ya sa mahaifinsa ya sayar da gona.

Bari mu fara da abin da ake nema. Ɗalibin da zai je Amurka koyon aiki, bizar J-1 ce tasa. Sai ya sami hukumar da za ta tsaya masa ta aiko masa da takardar DS-2019, sannan a rubuta tsarin horon da zai yi. Ya biya dala 220 kuɗin rajistar SEVIS, ya biya dala 185 kuɗin neman biza, ya hau mota zuwa Abuja ko Legas domin ganawa. Dokarsu ta shige da fice, sashe na 214(b), ta ɗauki duk mai nema a matsayin wanda zai je ya maƙale, har sai ya gamsar da su cewa zai dawo. Wato kai abin zargi ne tun kafin ka buɗe baki. In aka hana ka, ko sisi ba a mayar maka daga kuɗin bizar.

Ba a tsaya nan ba. A watan Yunin 2025 aka ce duk mai neman bizar karatu ko ta horo ya buɗe shafukansa na sada zumunta, a duba abin da yake rubutawa. A watan Yuli aka rage yawancin bizar 'yan Nijeriya zuwa wata uku, shiga ɗaya. Sannan a watan Disamba gwamnatin Trump ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da aka dakatar musu da bizar karatu da ta horo da ta ziyara, daga 1 ga Janairun 2026. Turai fa? Tun Yunin 2024 kuɗin bizar Shengen ya tashi daga yuro 80 zuwa 90, kuma a shekarar 2024 kusan rabin 'yan Nijeriyar da suka nema an hana su. Kuɗin kuwa sun zauna daram a can.

Masu kare su za su ce ai kowace ƙasa tana da ikon tsare ƙofarta, kuma 'yan Nijeriya ne suka jawo wa kansu da ƙin dawowa. To mun ji. Amma ƙididdigar da ita Amurkan ta kafa hujja da ita ta ce kusan kashi 12 cikin ɗari ne na ɗalibai suka wuce wa'adinsu. Sauran 88 ɗin fa, wane laifi suka yi? In kuma tsaron ƙofa ne kawai, me ya sa ake riƙe kuɗin wanda aka kora? Wannan ba tsaro ba ne, ciniki ne da talaucin mutane.

Sai dai kada mu zama zomo, wanda ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wa ya kori ɗan Samaru har yake roƙon shiga gidan wani? An ƙirƙiro shirin SIWES ne tun a shekarun 1970, ƙarƙashin hukumar ITF, lokacin da akwai masana'antun da za su karɓi ɗalibai. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. UNTL ta bi bayanta a 2007. Mahukuntan da suka zuba ido wutar lantarki ta mutu, masaƙu suka mutu, su ne yau 'ya'yansu ke karatu a Ingila ba tare da sun san zafin layi ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ga kuma ƙananan kuraye a cikin gida. A Sabon Gari da Samaru ba a rasa dillalan da za su ce maka suna da hanya, su haɗa maka takardar banki ta ƙarya da wasiƙar gayyata ta bogi. Ɗan'uwa, babu dillalin da ke da iko a kan jami'in biza. Ƙarya haramun ce, kuma a dokar Amurka wanda aka kama da ita ana iya haramta masa shiga ƙasar har abada. Ya ci kuɗinka, ya bar ka da baƙin tambari.

To ina mafita? Mu fara duba abin da ke gabanmu. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da cibiyar fasahar sarrafa fata. A Shika akwai NAPRI ta binciken dabbobi, a Basawa akwai NARICT, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama a Zariya. Mutane daga wasu ƙasashe suna zuwa waɗannan wurare neman ilimi, mu muna wuce su a kan acaɓa. In kuma sai an ƙetare iyaka, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shiga Gana ko Senegal har kwana 90 babu biza. Ka dai nemi wasiƙar karɓa daga wurin da za ka, da ta makarantarka.

Ba mu ce neman ilimi a nesa laifi ne ba. Wanda ya sami sahihiyar gayyata ya bi ta ofishin makarantarsa, ya cike takardunsa da gaskiya, ya tafi da mutuncinsa ya dawo da shi. Amma ƙungiyoyin ɗalibai su daina shiru. Su tambayi gwamnati me ya hana Nijeriya tabbatar da yarjejeniyar Tarayyar Afirka ta 2018 kan walwalar zirga-zirga, wadda maƙwabciyarmu Nijar ta riga ta tabbatar. Su tambaye ta ina masana'antunmu.

Allah Ya raba mu da ƙasƙanci, Ya sanya albarka a karatun matasanmu.