Sharhi: A-kori-kura Madaidaiciya Ta Fi Wa Ɗan Kasuwar Limawa Riba

MINNA: Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lissafin mallakar motar ɗaukar kaya ya sauya wa duk wani mai ƙaramin jari a ƙasar nan. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin kwanaki kaɗan, zuwa watan Oktoban 2024 kuwa ta zarce naira 1,000. Ga ɗan kasuwar unguwar Limawa da ke cikin garin Minna, wanda yake safarar doya daga Paiko, Gwada ko Kuta, ko shinkafa daga Bida, zaɓen irin a-kori-kurar da zai saya ya zama batun dorewar jarinsa.

Iri biyu ne ake muhawara a kansu. Akwai madaidaiciya irin Toyota Hilux, wadda ta gaji matsayin da Peugeot 404 da 504 suka riƙe a hanyoyin karkarar Arewa shekaru aru-aru. Akwai kuma manya irin Toyota Tundra da Ford F-150, waɗanda ake shigowa da su a matsayin tokumbo daga Amurka, masu faɗin ƙirji da ƙarar inji mai ɗaukar hankali.

Ko shakka babu, kuskuren da masu saye da yawa suke yi shi ne ɗaukar cewa girman jikin mota shi ne yawan kayan da za ta ɗauka. Tundra ƙirar 2007 zuwa 2021, mai inji silinda takwas da ƙarfin lita 5.7, nauyin da masana'anta suka ƙayyade wa mafi yawan nau'o'inta bai kai tan ɗaya ba, kuma a cikin wannan adadi har da direba da fasinjoji. Hilux kuwa, duk da ƙanƙantarta, tana ɗaukar kimanin tan ɗaya. Dalili shi ne an ƙera babbar ne domin bukatar Ba'amurke, wato jan tirela, ko jirgin ruwan shaƙatawa, ko akwatin dawaki, a kan shimfiɗaɗɗen titi. A wannan fanni ta yi fice, domin tana iya jan abin da ya haura tan huɗu. Sai dai mai sayen ƙwaryar doya a Gwada ba ja yake yi ba, lodi yake yi a bodi, saboda haka ƙarfin da ya biya kuɗinsa zai zauna ne babu aiki.

Wurin da bambancin ya fi ciwo shi ne gidan mai. Bisa ƙiyasin hukumomin Amurka, irin wannan Tundra tana shan kusan lita 16 a kowace tafiyar kilomita 100, alhali Hilux mai injin fetur silinda huɗu, lita 2.7, tana shan lita 11 zuwa 12. Tsakanin Minna da Suleja akwai kimanin kilomita 100. Zuwa da dawowa ke nan, babbar za ta ci ƙarin lita takwas zuwa goma, wanda a farashin ƙarshen 2024 ya kama naira 8,000 zuwa 10,000 a sahu guda. Wanda yake yin sahu uku a mako, ya kamata ya zauna ya haɗa wannan kuɗi na shekara, sannan ya tambayi kansa ko ribar doyar za ta iya ɗaukar sa. Shi kuwa mai saye a Kasuwar Kure ba ya ƙara ko kwabo don an kawo masa kaya a mota mai silinda takwas.

Daɗin daɗawa, akwai batun wurin ajiya. Limawa tsohuwar unguwa ce mai cunkoson gidaje da lunguna, waɗanda ba a tsara su domin motar da faɗinta ya kai mita biyu, tsawonta kuma ya kusa mita shida ba. Hilux ta gaza ta da kusan rabin mita a tsawo, wanda a ƙofar shago shi ne yake raba sauke kaya cikin sauƙi da tare wa maƙwabta hanya.

Haka nan batun gyara. Hilux ta fara fitowa ne tun 1968, kuma da wuya a sami garejin da ba a san cikinta ba, daga Minna har ƙauyukan Shiroro. Kayan gyaranta, sababbi da na hannu, suna samuwa a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Ita kuwa babbar, sau da yawa sai an aika Ladipo a Legas, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, duk abin da ake saye da dala ya yi tashin gwauron zabo. Motar haya da ta yi mako guda a gareji tana jiran kaya, mai ita asara biyu yake yi, ga kuɗin gyara ga ciniki ya wuce.

Adalci ne a faɗi abin da masu son babbar suke kafa hujja da shi. Ta fi daɗin zama a doguwar tafiya, ɗakinta ya fi yalwa, injinta kuma yana da ƙarko. Ga ɗan kwangilar da yake jan injin haɗa siminti ko janareta zuwa wurin aiki, tana da ranarta. Bugu da ƙari, farin jinin Hilux ya sa farashinta ba ya saurin faɗuwa, har wani lokaci a sami tokumbon Tundra da sauƙin kuɗi a kanta, abin da yake jan hankalin mai ƙaramin jari. Amma arahar ranar saye, a hankali gidan mai yake karɓe ta. Tsadar Hilux kuwa tana dawo wa mai ita ranar da zai sayar, domin ba ya rasa mai taya ta.

Madaidaiciyar ma tana da cutar da masu ita suke jawo mata, wato lodin da ya wuce kima. Ana ganin a-kori-kura a hanyar Paiko an ɗora mata kaya ta durƙushe, yaran mota kuma suna zaune a bisa. Sifirin da taya da birki ne suke biyan wannan bashi, a wasu lokuta har da rayuka. Ɗan kasuwar da cinikinsa ya bunƙasa har tan ɗaya ya daina isar sa, komawa ga Tundra ba zai ƙara masa ko buhu guda ba. Abin da ya dace da shi shi ne ƙaramar motar kaya irin Mitsubishi Canter, mai shan man dizal, wadda take ɗaukar kimanin tan uku a sahu guda.