Kafin ka biya "ƙwararre" ya zana maka gona

Jama'a, tun da aka cire tallafin mai a 2023 abinci ya yi tashin gwauron zabi, ma'aikaci da ɗan kasuwa kowa neman gona yake. Madalla da hakan. Sai dai wata sabuwar sana'a ta biyo baya: masu zana gona. Za ka ga mutum a Facebook ya sa malafa ya ɗau hoto a gindin ayaba, wai shi ƙwararre ne a "famakalca", ka turo kuɗi ya tsara maka gonar da ba ta son taki, ba ta son feshi. A kan wannan nake son mu yi magana.

Ita famakalca wasu 'yan Ostireliya biyu ne, Bill Mollison da David Holmgren, suka fito da ita, littafinsu na farko ya fita a 1978. Manufarta a tsara gona yadda ruwa da itatuwa da dabbobi da shuka kowanne zai taimaki ɗan'uwansa. Ba ni da ja da wannan. Rigimata da takardar shaidar ce. Kwas ɗin da aka saba ba da satifiket a kansa awa 72 ne, wajen mako biyu, wasu ma ta intanet suke yi. Wanda ya yi mako biyu a aji shi za ka danƙa wa gonar da ka sayar da mota ka saya? Haba!

Kuma mu daina yi kamar daga waje aka kawo mana abin. Wa ya koya wa kakanninmu barin gawo a gona? Da damina yana zubar da ganye, gero ya sami rana da taki, da rani ya yi inuwa, dabbobi su ci 'ya'yansa. Wa ya koya musu haɗa gero da wake? A Maraɗi, tun wajen 1983 Tony Rinaudo da manoma suka fara sassabin zamani: maimakon a sare tohon kututture, sai a zaɓi ƙaƙƙarfa a bari ya girma. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar ta wannan hanya. A Burkina Faso, marigayi Yacouba Sawadogo da ramukan zai, waɗanda a Tawa ake ce wa tassa, ya mai da faƙo ya zama daji. Shi da Rinaudo sun sami lambar yabo ta duniya a 2018. Babu wanda ya zana musu komai a kwamfuta.

To, kada a ɗauki kowa ke nan? A'a. Akwai inda rowa asara ce, shi ne maganar ruwa. Idan gonarka tana da gangare kana son haƙa ramukan tare ruwa, dole a auna su tafi daidai. Kuskure kaɗan, ruwa ya taru wuri guda, ya ɓalle a daren Agusta, ya buɗe kwazazzabo ya ci gonarka ya ci ta maƙwabci, ku ƙare a gaban mai gari. Ramin da ya yi amfani a jigawa, a laka ruwa zai kwanta a ciki ya ruɓar da saiwa. Haka ƙaramin dam, haka rijiyar burtsatse, haka gwajin ƙasa. Waɗannan aikin masu ilimin abin ne, kuma muna da su a jami'o'inmu, irin su cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya. Masara in ka yi kuskure baɗi ka gyara. Mangwaro kuwa sai ya shekara uku ko huɗu kafin ka gane ba a nan ya kamata a dasa shi ba.

Saboda haka ni ga nawa ra'ayin. In 'yar gona ce ko lambun bayan gida, riƙe kuɗinka ka sayi takin gargajiya da dashe, ka nemi malamin gona. In babba ce kuma za a taɓa hanyar ruwa, ɗauki ƙwararre, amma da sharaɗi. Ya kai ka gonar da ya tsara wadda ta ga damina uku da rani uku, ka yi magana da mai ita. Ya zo ya taka gonarka lokacin da ruwa ke sauka, ba ta taswirar waya ba. Ya zauna da dattijon da ke noma kusa da kai, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya raina tsohon nan, sallame shi. Kuɗi kuma kashi-kashi, aiki na tafiya ana biya.

Masu wannan sana'a da ke cikin abokaina, ba gaba nake da ku ba. Mai gonar nunawa ya ɗora hotonta na watan Afrilu a ƙasa, ba na Satumba ba, don da damina ko juji kore ne.

Allah ya ba mu damina mai albarka.